Besbol: Ƙaunar da Ake Gada Tun Yarinta

Wanda ya tashi da ƙwallon ƙafa, ran da ya fara zama kallon wasan besbol da wuya ya kai ƙarshensa bai yi hamma ba. Mutum tara ne suka bazu a fili, mafi yawansu a tsaye kurum. Ɗaya daga cikinsu yana jefa wata ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani kuma daga ƙungiyar hamayya yana riƙe da kulki yana neman ya make ta. In ya dace, sai ya sheƙa da gudu yana bin tashoshi uku da aka jera a filin, da fatan ya kewayo inda ya tashi a rubuta wa ƙungiyarsa ci guda. Haka za a yi ta yi, ana karɓa-karɓa, har zagaye tara. A shekarar 2013 jaridar Wall Street Journal ta sa agogo ta auna, ta gano cewa a wasan da ke cin kusan awa uku, lokacin da ake motsi na haƙiƙa kimanin minti 18 ne. Sauran duk jira ne.

Duk da haka, a Amurka da Japan da Kuba da Jamhuriyar Dominika da Venezuela da Koriya ta Kudu, akwai dattawa masu furfura da wannan wasa ke sa su hawaye. Babbar gasar Amurka, wato MLB, tana da ƙungiyoyi 30, kowacce tana buga wasa 162 a kaka guda, kuma a shekarar 2023 an sayar da tikiti sama da miliyan 70. In aka tambayi ɗaya daga cikin waɗannan masoya abin da ya ɗaure shi da wasan, da wuya ya fara da bayanin dokoki ko gwanintar wani ɗan wasa. Zai fara ne da ambaton wani mutum: uban da ya jefa masa ƙwallon farko a bayan gida, ko kakar da ba ta kashe rediyo in ana wasa, ko yayan da ya naɗa masa safar hannu da kwali.

Ƙaunar besbol gado ce. Yaro yana karɓar ta daga hannun babba, a wani wuri sananne, a wasu 'yan shekaru ƙalilan na rayuwarsa. Masu tafiyar da wasan suna cin ribar wannan gado, amma da yawa daga cikin shawarwarin da suke yankewa don ƙara riba suna toshe hanyoyin da gadon ke bi ya isa ga yaran yau.

Shekara takwas

Ranar 2 ga Oktoba, 1936, wani yaro ɗan shekara takwas a birnin New York mai suna Vin Scully yana komawa gida daga makaranta, sai ya ga sakamakon wasan ranar an liƙa a tagar wani shagon wanki da guga. Wasa na biyu ne na gasar ƙarshe ta World Series, kuma ƙungiyar Yankees ta lallasa Giants da ci 18 da 4. Tausayin waɗanda aka lallasa ya kama yaron, daga ranar ya zama masoyin Giants da kuma wasan baki ɗaya. Da ya girma sai ya zama mai sharhin wasannin Dodgers a rediyo da talabijin, ya shafe kakar wasa 67 yana wannan aiki, daga 1950 zuwa 2016. Sharhinsa na ƙarshe ya yi shi ne ranar 2 ga Oktoba, 2016, shekara 80 cif bayan tsayuwarsa a gaban tagar nan, kuma a filin Giants.

Ana iya cewa wannan labarin mutum ɗaya ne, amma alƙaluma sun mara masa baya. A 2014 wani masanin tattalin arziki, Seth Stephens-Davidowitz, ya bincika bayanan Facebook don ganin ƙungiyar da maza masu shekaru daban-daban ke goyon baya. Ya gano cewa ƙungiyar da ta ci kofi lokacin da yaro ke wajen shekara takwas zuwa goma sha biyu ita ce ta fi yiwuwar riƙe shi har tsufa. Ƙungiyar Mets ta New York ta ci kofi sau biyu, a 1969 da 1986, kuma masoyanta sun fi yawa a cikin mazan da aka haifa a wajejen 1962 da 1978. Wato dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kofin da ƙungiya ta ci yau, ribarsa ta gaskiya tana zuwa ne bayan shekara talatin, lokacin da yaran da suka shaida nasarar suka zama masu sayen tikiti, suna riƙe da hannun nasu 'ya'yan.

Amfanin jira

Abin da baƙo ke gani a matsayin aibin wasan, wato yawan jira, shi ne ya sa ya dace da gado. A ƙwallon ƙafa ko ƙwallon kwando, ido ba ya barin fili, baki kuma ba ya samun sukunin dogon bayani. A besbol kuwa, tsakanin jifa da jifa akwai sarari. A wannan sarari ne uba ke nuna wa ɗiyarsa dalilin da ya sa mai tsaron tasha ta uku ya matso gaba, ko ya ba ta labarin wani wasa da ya gani shekara ashirin da suka wuce. Namijin da bai iya buɗe baki ya ce wa ɗansa yana ƙaunarsa ba, yana iya zama kusa da shi awa uku suna maganar ƙwallo, kuma yaron ya fahimci saƙon.

Marubuciyar tarihi Doris Kearns Goodwin ta bayyana wannan a littafin tarihin yarintarta na 1997 mai suna Wait Till Next Year. Tana da shekara shida, a 1949, mahaifinta ya ba ta littafin rubuta lissafin wasa, ya koya mata alamomin da ake amfani da su. A lokacin da rana ake wasa, mahaifin kuma yana wurin aiki. Sai ta zauna gaban rediyo tana rubuta duk abin da ya faru a wasan Dodgers na unguwar Brooklyn, in ya dawo da dare ta ba shi labari tiryan-tiryan. Bai gaya mata cewa jaridar gobe za ta buga duk sakamakon ba, ya bar ta tana ganin cewa ba don ita ba da bai san abin da ya faru ba. A nan ta koyi cewa in ta faɗi sakamako tun farko hankalin mai sauraro ya tafi, don haka labari daga farkonsa ake ɗauko shi. Yarinyar nan ita ce ta ci lambar yabo ta Pulitzer a fannin tarihi a 1995.

Akwai kuma darasin da wasan ke koyarwa ba tare da wa'azi ba. Gwanin masu dukan ƙwallo, wanda ake biyan miliyoyin daloli, yana kuskurewa sau bakwai cikin goma. Tun da Ted Williams ya dace sau huɗu cikin goma a kakar 1941, ba a sake samun wanda ya kai haka a MLB ba. Ƙungiyar da ta fi kowacce ƙarfi ma tana faɗuwa a wasa hamsin ko sittin a shekara. Yaron da ya tashi da wannan wasa yana saba wa faɗuwa tun da wuri, yana kuma koyon cewa gobe akwai wani wasan. Dodgers ɗin da Goodwin ke so sun sha kaiwa gasar ƙarshe suna faɗuwa a hannun Yankees, sai a 1955 suka ci kofinsu guda tilo a Brooklyn. Haƙurin waɗannan shekaru ya ƙara wa masoyansu shaƙuwa da juna.

Kwali da sandar tsintsiya

Kayan besbol na da tsada, amma tarihi ya nuna cewa rashinsu bai taɓa hana yaro fara son wasan ba. A Jamhuriyar Dominika, ƙasa mai mutum kimanin miliyan 11 wadda ke samar da kusan ɗaya cikin goma na 'yan wasan MLB, yara kan fara ne da wani wasan titi mai suna vitilla. Murfin babbar gorar ruwa shi ne ƙwallo, sandar tsintsiya ita ce kulki. Murfin yana lilo a iska yana kauce wa sanda, don haka yaron da ya iya dukansa, ƙwallon gaske ba ta ba shi wuya. Garin San Pedro de Macorís, mai gonakin rake da masana'antun sukari, ya fitar da 'yan wasa da dama ta wannan hanya, cikinsu har da Sammy Sosa, wanda ya yi sana'ar goge takalma yana yaro.

A Panama, Mariano Rivera ya tashi a ƙauyen masunta na Puerto Caimito, inda shi da abokansa ke yanka kwali su yi safar hannu, su dunƙule tsohuwar komar kamun kifi su naɗe da salatif ta zama ƙwallo, su yi wasa a bakin teku. A 2019 ya zama ɗan wasa na farko da duk masu zaɓe suka amince, ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta saɓa ba, a saka shi a zauren girmama gwanayen besbol. A Afirka ta Kudu kuma, inda wasan ba shi da wani farin jini, Gift Ngoepe ya girma a wani ɗan ɗaki da ke jikin ginin kulob ɗin besbol na Randburg, kusa da Johannesburg, inda mahaifiyarsa ke aikin shara da girki. Filin wasan ne tsakar gidansa. A watan Afrilun 2017 ya buga wa ƙungiyar Pirates ta Pittsburgh, ya zama baƙar fata na farko haifaffen Afirka da ya taka filin MLB.

A Japan, inda wani malami Ba'amurke mai suna Horace Wilson ya shigo da wasan a 1872, jifa da cafka tsakanin uba da ɗa ya zama al'ada mai zaman kanta. Shohei Ohtani, wanda ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 700 da Dodgers a ƙarshen 2023, ɗan ma'aikacin masana'antar mota ne a lardin Iwate. Mahaifinsa, wanda shi ma ya taɓa buga wasan, ya horar da shi a ƙungiyar yara, suna musayar wani littafin rubutu: yaro ya rubuta abin da ya yi daidai da inda ya kuskure, uba ya rubuta amsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kowace bazara kuma, ƙasar baki ɗaya kan zuba ido kan gasar makarantun sakandare da aka fara tun 1915, wadda ake yi a filin Koshien. Yaran da aka fitar daga gasar kan durƙusa suna kuka, suna ɗibar ƙasar filin a jaka su kai gida su ajiye.

A duk waɗannan labarai abubuwa iri ɗaya ne ke maimaituwa: filin da ba a biyan kuɗin shiga, lokacin da ba wanda ya tsara wa yaro, da wani babba a kusa.

Kowa ya tuna bara

Akwai masu ganin cewa duk wannan begen jiya ne kawai, kuma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Hujjojinsu na da nauyi, ya kamata a saurare su.

Na farko, jiyan da ake bege ba kowa ya ji daɗinsa ba. Har zuwa ranar 15 ga Afrilu, 1947, da Jackie Robinson ya buga wa Dodgers, an shafe fiye da rabin ƙarni ana hana baƙaƙen fata shiga babbar gasar. Yaro baƙar fata yana iya son wasan iya so, amma ya san akwai ƙofar da launin fatarsa ya rufe masa. Na biyu, ba kowane uba ke miƙa gadon da taushin hannu ba. Ichiro Suzuki, wanda ya kafa tarihin duka 262 a kakar 2004, mahaifinsa ya riƙa horar da shi kusan kullum tun yana firamare, kuma daga baya shi da kansa ya bayyana cewa horon ya yi kusa da azabtarwa. Na uku, abin da ke kai yaron Dominika fili ba ƙauna kaɗai ba ce, har da talauci. Duk ƙungiyoyin MLB 30 suna da makarantun horo a ƙasar, doka ta ba su damar ɗaukar yaro yana shekara 16, dillalai kuma kan kama yara tun kafin haka, su raba su da karatu, su karɓi kaso mai tsoka daga kuɗin sa hannu. Mafi yawan yaran ba sa kaiwa ko'ina, sai su dawo gida ba ilimi ba sana'a.

Duk wannan gaskiya ne, kuma bai rushe batun ba. Abin da ya nuna shi ne cewa da zarar babba ya mayar da wasan yaro jari, to ya canza masa ma'ana. Dillalin da ke kallon ɗan shekara goma sha uku yana lissafin kasonsa, da uban da ya mayar da ɗansa hanyar cika burin da ya kuɓuce masa, suna iya samar da gwanin ɗan wasa. Masoyin wasa kuwa, wanda zai zauna a kujera shekara sittin ko ƙungiyarsa na ci ko tana faɗuwa, a sake yake tasowa. Kuma gasa ba ta rayuwa da gwanaye kaɗai, sai da miliyoyin da ba su taɓa zama gwanaye ba amma suka taɓa riƙe kulki suna yara.

Hujja ta huɗu ita ce ta masu cewa jiran ya yi yawa, kuma a nan sun yi gaskiya fiye da ko'ina. A 2023 MLB ta sa wa mai jifa agogo: daƙiƙa 15 in babu kowa a tasha, daƙiƙa 20 in akwai. Tsawon wasa ya sauko daga kimanin awa uku da minti huɗu zuwa awa biyu da minti arba'in, masu kallo kuma suka ƙaru. Gyara ne mai kyau, domin ya mayar da wasan kusa da tsawon da yake da shi a zamanin kakanni, bai kuma kashe sararin hira ba. Sai dai agogo yana riƙe wanda ya riga ya shigo fili ne. Bai da ikon kawo yaron da ba a taɓa nuna masa hanyar filin ba.

Inda ake sare saiwa

Matsalar tana wajen ƙofofin da ake rufewa. Har zuwa 1971, da rana ake buga duk wasannin World Series, yara kan ɓoye ƙaramar rediyo a aji, ko su sheƙo gida a guje don su riski ƙarshen wasa. Tun bayan 1987 ba a sake buga ko ɗaya da rana ba, domin tashoshin talabijin sun fi samun kuɗin talla da dare. Yanzu ana farawa ne bayan ƙarfe takwas na dare agogon gabashin Amurka, a kai wajen sha ɗaya ko fiye. Ɗan shekara takwas, wanda alƙaluma suka nuna shi ne ya fi dacewa a kama, ya yi barci kafin a kai rabi.

Wasan yara ma ya zama na masu hali. Little League, wadda aka kafa a garin Williamsport na jihar Pennsylvania a 1939, an gina ta ne kan unguwa da iyaye masu aikin sa kai. A yau yaron da ke son masu neman 'yan wasa su gan shi sai ya shiga ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke yawo jiha-jiha, abin da ke cin dubban daloli a shekara. Andrew McCutchen, ɗaya daga cikin taurarin wasan, wanda ya tashi a gidan talakawa a Florida, ya yi rubutu a 2015 yana kokawa cewa ana barin 'ya'yan marasa ƙarfi a baya. Baƙaƙen fatan Amurka sun kai kimanin kashi 18 cikin 100 na 'yan wasan MLB a farkon shekarun 1990, yanzu sun sauko zuwa wajen kashi 6. A World Series ta 2022 ba a samu ko ɗan wasa ɗaya baƙar fata haifaffen Amurka ba, karo na farko tun 1950.

Haka nan ana nesanta wasan daga garuruwa. A 2021 MLB ta rage ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta daga 160 zuwa 120, alhali a irin waɗannan ƙananan filaye ne ma'aikaci ke iya kai iyalinsa kallo da kuɗi kaɗan, yaro ya matsa kusa har ɗan wasa ya sa masa hannu a ƙwallo. Manyan ƙungiyoyi kuma kan yi ƙaura in wani birni ya yi tayi mai tsoka. Dodgers sun bar Brooklyn zuwa Los Angeles bayan kakar 1957, aka rushe filinsu na Ebbets a 1960. Ƙungiyar Athletics ta bar Oakland bayan kakar 2024, bayan shekara 57 a birnin, tana kan hanyar Las Vegas. A takarda, mai kuɗi ne ya ɗauke dukiyarsa ya kai inda ya so. A zahiri kuwa, an ɗauke wa dubban iyaye wurin da nasu iyayen suka kai su, wanda su ma suka yi niyyar kai 'ya'yansu.

Japan ma ba ta tsira ba. Da yawa daga cikin wuraren shaƙatawa na birane sun haramta wasan ƙwallo saboda ƙorafin maƙwabta, iyaye maza kuma aiki ya cinye musu yini. 'Yan wasan besbol na makarantun sakandare sun kai kimanin 170,000 a 2014, cikin shekara goma suka sauko ƙasa da 130,000. Raguwar haihuwa na da hannu a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce.

Abin da ya kamata

Gyaran ba ya buƙatar wata sabuwar dabara. A mayar da wasu daga cikin manyan wasanni zuwa rana, ko da a ƙarshen mako ne, a yarda da asarar wani ɓangare na kuɗin talla. A ware kujeru masu rahusa ga iyalai. Kuɗin da ƙungiyoyi ke kashewa wajen tallata kansu, a karkatar da wani kaso zuwa gyaran filayen unguwa da sayen kaya ga makarantun gwamnati. Akwai shirin RBI da aka fara a Los Angeles a 1989 don farfaɗo da wasan a unguwannin talakawa, amma girmansa bai kai girman ɓarnar ba. A Dominika kuma, duk ƙungiyar da ta ɗauki yaro a tilasta mata ɗaukar nauyin karatunsa, ko ya yi nasara ko bai yi ba. Birnin da aka nemi ya gina wa ƙungiya fili da kuɗin haraji, ya sa sharaɗin zama na dogon lokaci kafin ya saki ko dala ɗaya.

Masu ƙungiyoyi sukan auna lafiyar wasan da kuɗin da ya shigo bana, kuma kuɗin na shigowa. Sai dai mafi yawan masu biyan sa mutane ne da aka kama zukatansu shekara talatin ko hamsin da suka wuce, ta hannun iyayen da ba wanda ya biya su, a filayen da ba wanda ya karɓi kuɗin shiga. Mai cin amfanin gonar da wani ya shuka, in bai ajiye iri ba, rumbun da ya cika bana ba zai hana shi yunwar baɗi ba. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne adadin 'yan shekara takwas da suka samu wanda ya jefa musu ƙwallo a wannan makon, suka kuma ga ƙarshen wasa kafin barci ya ɗauke su.